Finafinan da Na Kalla wa Surukina

Matata ta rasu a tsakiyar zafi, ta bar ni da mahaifinta a ɗaki biyu da falo, a wani lungu na unguwar Mansur a Makka. Ciwon ƙoda ne. Ta daɗe tana zuwa wankin jini har muka saba da shi kamar zuwa cefane, sai wata rana aka kai ta ba ta dawo ba. An yi mata salla a Harami bayan la'asar tare da wasu gawarwakin da ban san su ba, aka kai ta maƙabartar Shara'i. Masu ta'aziyya suka yi ta ce mini ta yi sa'ar makwanci, ina cewa haka ne. Ban yi kuka ba. Na ɗan jira ko zai zo, da bai zo ba na koma shago.

Ni tela ne, ɗinkin maza nake yi a shagon kafilina, mutumin da ya tsaya mini a takardun zama. Ba mu haihu da ita ba. Don haka da baƙi suka watse, gidan ya rage daga ni sai tsohon.

Idanunsa sun daɗe da rufewa, haske da duhu kawai yake bambancewa. Mutumin Kaduna ne, ya zo Makka tun yana da ƙarfinsa, ya yi dako, ya yi gadi, ya binne matarsa a nan. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Da safe in tsuguna a bakin ƙofarsa in gaishe shi, ya amsa, ya ce Allah ya yi albarka, shi ke nan har gobe. Duk abin da ke tsakaninmu ta bakinta yake bi. Kuma 'yar farinsa ce, ba ya kiran sunanta, “yarinyar nan” yake cewa. Ko a zaman makoki haka ya karɓi gaisuwa, kamar 'yar maƙwabci ce ta rasu.

Yana da ɗa a Kaduna, daga matarsa ta biyu. Ɗan ya bugo waya ya ce zai zo ya tafi da shi, amma sai an shirya takardu, kuma sai bayan aikin Hajji. Na ce ba damuwa.

Muka shiga wani irin zama. Da sassafe in sauka in sayo ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, in ajiye masa, in ɗora hannunsa a kan kwanon, in fita falo in ci nawa a tsaye. In riƙe masa hannu zuwa banɗaki, in jira a waje. Bayan azahar, in an rufe shaguna, in dawo da shinkafa ko tuwo daga wajen matan da ke sayarwa a bakin titi. Sai in kwanta a ƙasa ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ina kallon silin har a kira la'asar. Ba barci nake yi ba, ba kuma tunani ba.

Wata rana da irin wannan lokacin ya kira ni. Malam yake ce mini. Ya tambaya ko wayar yarinyar nan tana nan, na ce tana nan. Sannan ya ce akwai abin da take kunna masa in na tafi shago. Na zaci karatu ne ko wa'azi. Na sa wayar a caji, na buɗe inda ya kwatanta.

Finafinan Turawan Ingila ne, tsofaffi, launinsu duk ya koɗe. Hoton da na fara gani wata malamar asibiti ce da 'yar guntuwar riga ta sunkuya tana gyara gado, wani tsohon majinyaci ya miƙe wuya yana leƙe. Na duba na gaba, shi ma irinsa ne. Sun fi a ƙirga. Na ce masa ina jin ba nan ba ne. Ya ce nan ne.

A ranar na ji daga bakinsa magana mafi tsawo tun da na san shi. Ashe yana saurayi shi ke haska fim a wani gidan sinima marar rufi a Kaduna. Yawanci na Indiya ake sawa, amma akwai ranar da ake ware wa akawu-akawu da sojoji, ranar ce ta waɗannan. Daga ɗan ɗakinsa na sama ya kalli wasu har ya haddace su, a nan ya tsinci Turancin da yake ji. Ya ce maganarsu ba ta ba shi wahala, yana gane har habaicin. Inda yake neman taimako shi ne in sun yi shiru kiɗa ya karɓa.

“In ka ji an busa wani usur mai zamewa ƙasa, to wani abu ya faɗi,” in ji shi. “Sai ka gaya mini me ya faɗi.”

Da a ce lokacin da matata take raye ne, da ƙasa zan nemi ta tsage in shige. Amma a ranar na laluba inda kunya take zama a jikina, na tarar ba kowa. Na zauna a bakin katifarsa, na jingina wayar da flas ɗin shayi, na kunna. Ba a daɗe ba aka busa usur ɗin.

“Wando ne, Baba.”

“Na wa?”

“Na likitan.”

Ya gyaɗa kai. Muka ci gaba.

Daga nan ya zama kullum, tsakanin azahar da la'asar. Labaran ba su da wuyar bi. Akwai na wani otal a bakin teku, inda lambar wata ƙofa ta kwance ta juye, wani magidanci da ya yi alkawari da mai sharar ɗakuna ya lallaɓo cikin duhu ya shiga ɗakin, ashe uwar matarsa ce a ciki. Akwai na gidan wanki da guga, da aka haɗa kayan wani limamin coci da na wata mai rawa, kowa ya buɗe ƙunshinsa a gaban mutane. Akwai na asibiti har uku ko huɗu, kullum da wata babbar mace mai tsawa da kowa ke tsoro, ita kuma a ɓoye wani siririn likita take so, shi kuma yana gudunta har cikin kwandon zannuwa. Wata rana ya ce in nemo na mutanena teloli. Wani tela ne da yaronsa ya yi rashin lafiya, dole ya auna mata da kansa, tef ɗin ya naɗe masa a wuya, matarsa kuma tana bayan labule da almakashi.

Na koyi yadda zan faɗi abu ba tare da na faɗe shi ba. In mace ta fito daga wanka tawul ya maƙale a ƙofa, sai in ce ta fito ba ta kintsa ba. In mutum ya ɓuya a kabad, in ce ya shiga inda ake rataye kaya, mijin kuma ya shigo yana neman kwat. Wani lokaci ya gyara mini. Ya ce ba mijin ba ne, wansa ne, in duba gashin baki. In duba in ga haka ne.

Ba ya dariya. In an zo wurin dariya sai ya ɗaga yatsa ɗaya, ya ce a nan duk sinimar take rikicewa, har ana tsayawa a kan benci. Sai ya sauke yatsan. Ni ma ba na yi. Mutanen cikin wayar su yi ta guje-guje daga ɗaki zuwa ɗaki, mata na ihu, gado na karyewa, mu biyu muna zaune kamar masu jiran layi a asibiti. Da an fara kiran salla zai ce in kashe, ko da a tsakiyar magana ne. In kai shi ya yi alwala, in shimfiɗa masa darduma, in sauka masallaci.

Akwai wani maƙwabcinmu a hawan ƙasa, Basakkwace, direban motar ruwa, mutumin kirki, shi ya tsaya a kan komai ranar jana'iza. Wata rana ya tare ni a matattakala ya ce yana da magana. Ya fara da haƙuri, ya ce ya san namiji ba dutse ba ne, kuma ba wanda zai ga laifina in na nemi aure ko gobe. Amma a bi ta ƙofa. Ya ce in tuna garin da muke ciki, in tuna akwai dattijo a gidan, makaho, wanda ƙasar kabarin 'yarsa ba ta gama kwanciya ba. Na daɗe ina kallon bakinsa kafin na gane. Mai ɗakinsa ce ta riƙa jin dariyar mata da ihunsu daga tagarmu da tsakar rana, ta gaya masa, kuma daga yadda yake magana na san ba shi kaɗai ta gaya wa ba.

Ban ji haushi ba. Na ce ya biyo ni. Ya ce ba sai ya hau ba, na ce ya hau.

Muka tarar da tsohon zaune yana jirana. Na gaya masa abin da ya kawo baƙon, ban rage komai ba. Ya juya fuskarsa wajen da yake jin numfashin mutumin.

“Alhaji, matan nawa ne,” ya ce. “Malam, kunna masa su gaisa.”

Na kunna daga inda muka tsaya jiya. Maƙwabcin ya ƙi zama, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo ta gefen ido. Wurin da aka zo shi ne wani ɗan sanda ya hau tsani zai leƙa taga, tsanin ya tafi da shi baya ya faɗa cikin baron siminti. Dariya ta ƙwace wa mutumin, mai ƙarfi, har ya dafa bango. Rabon da a yi irin wannan ƙarar a gidan tun kafin ciwonta ya tsananta. Sai ya kama bakinsa, ya yi istigfari, ya ce mu yafe masa, ya sauka da sauri. Da yamma mai ɗakinsa ta aiko mana da fura a kwano mai murfi. Ba wanda ya ƙara tayar da maganar. Tsohon dai ya ce daga yau in rage murya.

Bayan fitar maƙwabcin ban sake kunnawa ba, shi ma bai ce in kunna ba. Muka zauna mukayyif na ƙara. Can ya ce ai duk labari ɗaya ne. Mutum yana son abin da ba nasa ba, ya yi ta bi tun daga farko har ƙarshe, ba ya samu, a kama shi ba wando, matarsa ta ja kunnensa su koma gida. Ya ce ya haska na Indiya da na kaboyi ba adadi, kowanne sai an kashe wani ko an binne wani. Waɗannan ne kaɗai ba a mutuwa a ciki, ko daga bene mutum ya faɗo zai tashi yana kakkaɓe hula.

Sannan ya ce a watanninta na ƙarshe, in ta dawo daga wankin jini, takan kunna masa ta zauna inda nake zaune. Sai ya ji an busa usur, ya jira, ba a ce komai ba. Ya san barci ya ɗauke ta. Haka fim ɗin zai yi ta tafiya har ya ƙare, abubuwa na ta faɗuwa bai san ko mene ne ba.

“Ban taɓa tashinta ba,” ya ce.

Na ce Allah ya jiƙanta. Ya ce amin. Aka kira la'asar, na kai shi alwala. A shago ranar na ɗinka aljihun wata riga a bai-bai, na farke na sake.

Bayan Hajji ɗan nasa ya zo. Dattijo ne shi ma, malamin makarantar Islamiyya, mai yawan godiya. Kwanakin da ya yi da mu ba a kunna komai ba, da rana hira suke yi ta mutanen gida, waye ya rasu, waye ya aurar. Ranar tafiya, da ɗan ya sauka da jakunkuna, na sa wa tsohon wayar a hannu na ce ya tafi da ita. Ya shafa ta gaba da baya, ya miƙo mini. Ya ce can jikoki ne cike da gida, wa zai ce wa ya gaya masa me ya faɗi.

Na raka su Jidda. A filin jirgi aka kawo keken guragu aka ɗora shi. Na tsuguna na yi masa sallama, ya laluba ya dafa kaina, ya ce in yi aure. Na ce to. Wani ma'aikaci ya tura shi suka shige.

Gidan ya yi mini yawa, na sake shi, na koma wani ɗaki a unguwar Rusaifa tare da wasu teloli biyu 'yan Maraɗi. Yaran kirki ne, suna da surutu, ƙwallo suke kallo. Tsohon yakan sa a bugo mini jefi-jefi. Gaisuwa ce kawai, ya aiki, ya zafi, Allah ya yi albarka. Mun koma yadda muke a da.

Damina ɗaya ya yi a Kaduna. Ɗansa ya kira ni wata safiya ina tsakiyar yanka yadi, ya ce Baba ya cika bayan asuba, ba wata jinya. Na yi salati, na yi masa gaisuwa, na ce a gaida mutanen gida. Mai yadin yana zaune a benci yana jira, ɗaurin auren ƙanensa ya matso. Na ɗauki almakashi na ƙarasa yankan daga inda na tsaya.