Ragon da Kaka Ta Ce Ya Gudu

A flat ɗinmu na unguwar Camberwell a London babu murhu, sai wata tsohuwar hitar gas mai jan wuta, kuma ita Kaka ta mayar abin zagayawa. Da an idar da Magariba za ta miƙe ƙafafu a gabanta, ta ce da ni, "Maigida, matso, ko rowar jikinka za ka yi mini?" Ni da ƙanwata Asiya mu raɓe a jikinta. Tana ba mu tatsuniya da Hausa, muna yi mata gardama da Turanci, ba ta taɓa damuwa ba.

A shekarar da nake tunawa, gidan ba daɗi. Kawu Garba, autan Kaka, ya kulle kansa a ɗaki wata da watanni. Ƙato ne na gaske, sai ya karkata yake shiga ƙofa. Lokacin da Amurkawa suka kawo irin ƙwallonsu Turai, wadda ake sa hular kwano a rungume ta a yi ta bangazar juna, sun kafa ƙungiya a London da wasu a Jamus da Spain, daga baya har Scotland. Da farko fili cika yake yi, London ma ta ci kofi. Kawu ya ajiye karatu ya shiga, cikin 'yan gida ƙalilan da aka ɗauka. Sai 'yan kallo suka fara janyewa, aka riƙa yawo da ƙungiyar daga wannan fili zuwa wancan, ƙarshe aka rufe ta. Tun daga ranar sai dai Mama ta ajiye masa abinci a bakin ƙofa, sau da yawa ta ɗauke shi yadda ta kawo. Na sha ganinta tana share hawaye a kicin, kuma na ji tsoro ƙwarai.

A wannan sanyin ne Kaka ta fito da tatsuniyar raguna. Wai wasu raguna ne suka tsallako teku suka ce za su koya wa gari karo. Gari ya fito kallo, har da masu goyo. Wani ɗan ragon garin ya yi sha'awa, ya ci dusa ya yi ƙaho, aka sa shi a layi. Ana nan, mutane suka gaji, suka koma wa wasan da suka gada. Kullum a nan take tsayawa, ta ce bakinta ya gaji. Na lura dai idan ta zo kan ragunan muryarta ƙaruwa take yi, alhali mu muna nan a gefenta.

Wata rana ta ƙarasa. Ta ce da ɗan ragon ya ga ba mai tafa masa, sai ya tsorata, ya ari na kare tun kafin karon ƙarshe, ya ɓuya a bayan rumbu. Asiya ta ƙyalƙyale da dariya. Sai muka ji ƙofa ta buɗe. Kawu ne, gemu buzu-buzu, ya rame har na kusa rashin gane shi.

"Hajiya, ragon nan bai gudu ba," in ji shi. "An yi cancel ɗin komai ne. Amma ya tsaya har ƙarshe."

Kaka ko kallonsa ba ta yi ba. "To ni tsohuwa ce, na manta. Zauna ka gyara mini."

Ya zauna a ƙasa, ya tare mana zafin hitar gaba ɗaya. Ya ba mu labarin wasansu na ƙarshe, ana ruwa, kujeru wayam, shi kuma da karyayyen yatsa da aka ɗaure masa da filasta. Ya kwatanta mana yadda ake tsugunawa a layi, da yadda Jamusawa ke busa usur su hana ka jin abokin wasanka. Yana magana yana cin tuwon da Mama ta tura gabansa, bai ma sani ba. Washegari ma ya fito, don Kaka ta sake kuskure a wani wurin.

Na daɗe ina zaton mantuwa ce ta tsufa. Sai da na girma, Kawu ya zama direban bas mai 'ya'ya uku a Lewisham, na tambaye ta. Ta harare ni, ta ce ita da ta zauna a filin wasan cikin ruwan nan lulluɓe da bargo har aka tashi, ita zan gaya wa wanda ya gudu?

Yanzu da nake da nawa 'ya'yan nakan yi tunanin abin. Dukanmu lallashinsa muka yi ta yi, muna ce masa ya manta, ai wasa ne. Ita kaɗai ta gane cewa wanda aka rushe wa abin da ya ba ƙuruciyarsa ba ya son a ce masa ba komai ba ne. Ta gwammace ta yi wa ɗanta ƙazafi a gaban jikokinta, don ya ji da kunnensa, daga bakin kansa, cewa bai gudu ba.