Randar Malam Haladu Ba Za Ta Bushe Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin fita ofis aka bugo mini waya, wai Malam Haladu ya rasu.

Wanda bai tashi a Hayin Banki ba, bari in gaya masa. A shekarun tamanin aka fara gadar sama a bayan unguwarmu, ɗan kwangila ya yi layar zana ya bar ta, mota ba ta taɓa hawa ba. A ƙasa kuwa titi sai cin mutane yake yi.

Malam, wanda ya koya mana karatu, shi ya fara hawa da tsintsiya. Ya share, ya girke randa da moɗa a tsakiya, irin ruwan sadakan da ake ajiyewa a ƙofar gida.

Daga nan gada ta zama tamu. Mata na tsallakawa kasuwa da goyo, tsofaffi na shan iska bayan la'asar.

Ranar da na faɗi da keke a kanta, da ruwan randar ya wanke mini gwiwa, yana yi mini tsiya wai akuya ma ta fi ni iya tuƙi.

Zamanin soja aka turo ma'aikata su rufe gadar da waya. Malam ya shimfiɗa buzu ya ce, "Bayin Allah, ku sha ruwa tukuna." Kafin moɗa ta gama zagayawa, unguwa ta cika gadar maƙil. Haka suka naɗe wayarsu suka tafi.

Satin jiya na je gaishe shi. Ya ji labarin wasu na so su kafa ƙofa a gadar su yanka wurin shaguna. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan nan, kar ku bari randar nan ta bushe. Ranar da ta bushe, cewa za su yi wurin ba mai shi."

To masu jiran Malam ya kau, wallahi kun makara. Wurin da mai shi. Bayan azahar ta kan gadar nan za mu ɗauke shi, a ƙafa, ku zo ku gani.

Allah ya jiƙanka Malam, ya shayar da kai ruwan Alkausara kamar yadda ka shayar da mu. Jama'a, don Allah ku saka shi a addu'a.

Wanda kuma zai zo jana'iza, ya taho da jarkar ruwa.