Kawu Babikir Kaboyi da Kaset Ɗin Zariba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Kawu Babikir makwancinsa a Alsawra, kuma har yau in watan ya zagayo sai in rasa sukuni. Ni ba marubuci ba ne, dillali ne. Na fara da tallan tsofaffin rediyon mota a kan buhu a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu da kanikawa, yau ina da shago a can da wani a Kalakla. Na san yadda ake sa wa kaya kuɗi, na san ranar da ya kamata a rabu da su. Kaya ɗaya ne ya gagare ni, muryar wan mahaifiyata, wanda duk Omdurman ta yamma ta sani da Babikir Kaboyi.

A Jazira aka haife shi, cikin gidan 'yan ƙwadagon auduga kamar kakannin yawancinmu. Shi kaɗai ya ƙi fartanya. Yana saurayi ya bi masu koro shanu daga yamma zuwa Omdurman, tafiyar watanni a ƙafa, kana bin dukiyar da ba taka ba. Ranar da suka iso aka sallame su, sai ya faɗa silima, irin ta da mai buɗaɗɗen sama. A nan ya ga fim ɗin kaboyi: wani Bature da faffaɗar malafa yana zaune kusa da garke, yana kaɗa jita yana waƙa. Kawu ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya, amma yakan ce tun kafin mutumin ya buɗe baki ya gane shi. “Shanun ba nasa ba ne,” in ji shi. “Mai shanu ba ya kwana a daji.”

Ya sayi jita a hannun wani ɗan Girka mai kanti da ke shirin barin ƙasar, ya koya wa yatsunsa kamu uku, bai ƙara na huɗu ba har ya mutu. Ya ɗauki sautin kaboyi ya zuba masa Hausa, da Larabcin makiyayan yamma inda Hausar ta ƙi zama. Ya yi waƙar rijiyar da suka iske ta ƙafe, ya yi ta saniya mai karyayyen ƙaho da ke jan garke, ya yi ta attajirin da ke jiransu a inuwa da farar jallabiya. Kuma ya koyi abin nan da kaboyi ke yi, ya karya murya ta haye sama ta faɗo, kamar mai kira daga tsallaken kwari. Larabawa suka ce kiɗan Fallata ne, sunan da suke kiran mu Hausawa da shi, mutanenmu suka ce na Turawa ne. An ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, to shi gidansu hanya ce.

Da sojoji suka karɓi mulki komai ya tsuke. Aka sa dokar hana fita, silimomi suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, biki sai da takardar izini kuma a tashi da wuri. Rediyo ta cika da waƙoƙin yaƙi. 'Yan bukukuwan da suka rage kuwa org ta cinye su, akwatin nan da mutum ɗaya zai danna ya fitar da ganga da goge da komai. Gwiwoyin Kawu sun riga sun raba shi da hanya, manyan motoci ma sun fara ɗaukar shanun. Ya koma zaman angarib, gadon nan na igiya, a tsakar gida, jitar na jingine da bango, tari na cinsa a hankali.

A wani suna na dangi ne na farga. Aka roƙe shi ya yi ta mai karyayyen ƙaho, ya zo wurin karya murya, muryar ta ƙi hawa. Ya wayance da tari, mutane suka yi kamar ba su ji ba. Ni na ji. Dillali ya san ranar da kaya suka fara lalacewa. Na tsaya na duba, mutumin nan ya yi waƙoƙi tun kafin a haife ni, kuma babu ko ɗaya a kaset. In ya faɗi, sun faɗi tare.

Sai na yi abin da na iya. Na kama ɗakin ɗaukar murya a Khartum, mai soso a bango, na ɗauko wani gwanin org. Shirina a fili yake: a ƙara wa waƙoƙin sauri, a sa musu ganga, in sayar wa direbobin hafila, motocin fasinja na layin Kalakla, don a zamanin nan su ke sa kaset ya yi suna. A lissafin kasuwa, har gobe ban ga kuskuren wannan shiri ba.

Aka zaunar da Kawu a kujera, aka sanya masa abin ji a kunne. Mai org ya saki kiɗa. Kawu ya shigo a makare, ya tsaya, ya sake shigowa a makare. Can ya cire abin kunnen.

“Tijjani, wa ke korar kiɗan nan?”

“Haka kasuwa ke so, Kawu.”

“In ka yi wa shanu wannan, kafin gari ya waye suna Chadi.”

Mai org ya yi dariya, ni ban yi ba, don ni ke biyan ɗakin. Na ce a kashe org ɗin, ya yi da jitarsa kaɗai. Nan ma abin ya ƙi. Baitin da ya shekara arba'in yana rerawa sai ya ɓace masa a tsakiya. Muka fito ba mu ɗauki komai ba. A mota, muna kan gada, shi ya fara magana. Ya ce bai taɓa yin waƙa a zaune ba. Duk a tafe ya yi su, a bayan garke, tsawon kowane baiti tsawon numfashin mai tafiya ne. Karya muryar ma ba ado ba ce, saniyar da ta ratse ake kira da ita. “Ka kulle ni a akwati ka ce in yi kira. In kira wa?”

Kwana biyu ina jin haushinsa. A na uku na ɗauko babbar rikoda daga shagona, na cika ta da batir, na je wurin wani abokina dillalin shanu a zariba, shingen tara shanu da ke yamma da Omdurman, na roƙe shi ya bar mu mu bi garkensa in za a kai su ruwa. Da sassafe muka ɗauki hanya. A wani shinge masu kaki suka leƙo, suka ga tsoho da malafa da jita, ga rikoda a cinyata. Suka ce ina zuwa? Kawu ya ce, “Shanu za mu yi wa waƙa.” Suka dubi juna, suka ɗaga mana hannu. Ina jin sun ɗauka hanyar asibitin mahaukata ce ta ɓace mana.

Aka buɗe zariba, shanu suka fito, Kawu ya rataya jitar da igiya ya bi bayansu da ɗingishinsa. Ni kuma na ɗaure makirfo a kan sanda, rikoda a kafaɗa, ina tafiya da baya a gabansa, ina taka kashin shanu da takalmin da na saya don zuwa Juma'a. Bai yi taku ashirin ba waƙar ta fito, baiti na bin baiti ba gargada. Wata jar karsana ta ratse ta nufi wani tulin ciyawa, ya karya murya, ta haye har inda take hawa a da. Karsanar ta waiwayo. Gani ya kori ji.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba kullum ta hau ba. A wasu waƙoƙin ta tsage, a wasu tari ya katse shi. Na ce a maimaita, ya ce a'a, haka muryar take yau, a ɗauke ta haka. Muka yi ta komawa da safe-safe har ƙafafunsa suka ce sun gaji. Abin da muka samu ya cika kaset ɗaya gaba da baya, da kukan shanu a ciki, da iska, da ashar ɗin da na yi ranar da na faɗa rami.

Direbobin hafila suka dawo mini da shi. Wani ya ce fasinja barci suke yi su wuce tasharsu, wani ya ce mai ɗaukar ya manta ƙofa a buɗe. Waɗanda suka saya, abin mamaki, direbobin manyan motocin shanu ne, mutanen da suka raba irin su Kawu da aikinsu. Da na gaya masa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Bai ƙara shekara uku ba Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu nakan tsaya a layin burodi ko na fetur in riƙa tambayar kaina, da ya ga yau me zai ce? Ƙasar da ya taka da ƙafa ta rabu biyu. Hanyar yamma da ya yi wa waƙa ta zama hanyar bindiga, rijiyoyin da ya ambata da suna wasu ba mai iya zuwa kusa da su. Silimar da ya ga kaboyinsa na farko ta zama kango. Jikokinsa in ka yi musu Hausa da Larabci suke amsa maka. Ina zaton ba zai yi dogon sharhi ba, shi ba mutumin siyasa ba ne. Zai tambaya nawa ake biyan mai koro yanzu, ya ja tsaki.

Abin da ya hana ni sakat bana shi ne kaset ɗin kansa. Zafin Khartum ba ya barin zare, na asalin ya fara saki, muryar na nauyi duk sanda na sa shi. Nafisa, jikar Kawu, tana aiki a wani shagon kwamfuta a Omdurman. Ta daɗe tana ce mini in kawo a juye shi, a goge kukan shanun da tarin, a sa kiɗa a ƙasa, a saki a waya yadda matasa za su saurara. Dillalin da ke cikina ya yarda da ita sarai. In kiɗa ya canza rawa ma canzawa take yi, kuma kayan da ba mai saye ajiya ce kawai. Amma na yi ta ce mata bari mu gani, ban san me nake jira in gani ba.

A makon jiya na kai mata. Na ce ta gwada da waƙa ɗaya. Ta yi aikinta tsaf, ta kira ni na je muka saurara. Muryar ta fito fes, ba iska, ba shanu. Sai dai abin da na ji wani tsoho ne marar lafiya yana waƙa shi kaɗai, yana ihu a wuraren da ba dalilin ihu. Na ce ta sa na asalin. Da ya karya murya, saniya ta amsa daga nesa, sai ka ji mutum ne a bakin aikinsa. Nafisa ta ce da Hausarta mai ratsin Larabci, “Baba Tijjani, ashe hira suke yi.” Ta mayar da shanun.

Kawu bai bar gida na kansa ba, bai bar saniya ko ɗaya ba, jitar ma zafi ya tsaga ta. In aka ɗora shi a sikelin da nake auna mutane da shi a kasuwa, ba zai motsa allura ba. Abin da ya bari shi ne sa'a guda ta tsoho yana ɗingishi a bayan shanun wani, yana kira ana amsa masa, kuma yanzu zafi ba zai ƙara cin ta ba. Nafisa ta sake shi a waya yadda yake, da tarin da ashar ɗina. Ko matasa za su saurara, ban sani ba, kuma na lura sau da yawa a rana ina ɗaga waya in duba. Da shi ne, ba zai duba ba, don tun farko ba mu ya yi wa waƙoƙin ba. Allah ya jiƙan Kawu Babikir, ya sa ya huta.