Inna Tasalla da Baƙin Karas na Dangora

Da ta idar da sallar asuba, Inna Tasalla sai ta ɗauki guga ta zagaya bayan ɗakinta. Fangali shida ne a wurin, da rijiya a gefe. Guga talatin take ja kafin rana ta yi zafi, sannan ta tsuguna tana cire ciyawa da yatsu, don ba ta yarda fartanya ta taɓa mata shuka. Shekara ashirin da biyar ke nan tana haka a Dangora, duk lokacin sanyi.

Abin da take nomawa karas ne, amma ba irin na Turawa ba. Nata launinsa kamar zoɓon da ya jiƙu sosai, shi ya sa muke ce masa baƙin karas. Marigayi mijinta ne ya zo da irin a ƙulle cikin tsumma daga tafiyar hajji ta ƙasa. Kowa a unguwa ya ci. Luba ungozoma ta shaida mini cewa babu mai jegon da ba ta samu kwanon Inna ba. Shekarar da gero ya ƙi, mutane sun ga ta tone fangali biyar ta rabar, ta hana kanta. Inna, ke ce mai hannu a buɗe, ba ki taɓa jiran a gode miki ba.

Ni Zailani, ɗan ƙanwarta, ni ne malamin gona na gundumar nan, kuma ni na yi mata ɓarnar da ko farin dango ba su taɓa yi mata ba.

A 1955 ta tafi Yako zaman jegon jikarta, ta bar mini lambun. Na zo da takardata ta makaranta da girman kaina, na ga fangali ɗaya ya yi tsawo ya fitar da farin fure, an ɗaura masa jan tsumma a kara. Na ce tsufa ya sa Inna ta manta da shi har ya wuce ci. Na tuge shi kaf na zuba wa awaki, na shuka irin Turawa na cikin ƙunshin takarda, ina jiran yabo.

Da ta dawo ta duba fangalin. Sannan ta ce, “Zailani, ina na jan tsumman?”

Na ce, “Ai sun lalace, Inna, har fure suka yi.”

Ta ce, “Su ne iyayen, ɗan nan. Daga furen nan iri yake fita.”

 Da zagina ta yi, wallahi da na fi samun sauƙi. Ashe duk shekara mafi kyawun fangali take bari don iri, abin da ba a koya mana ba a makaranta, tunda namu irin a jirgi yake zuwa.

Tsohuwar nan ta ɗauki sanda ta bi gidajen da ta taɓa ba iri, daga Dangora har Kiru. Duk sun cinye nasu, don sun saba idan shekara ta zagayo Inna za ta ba su wani. Sai a wata ruga ta sami Hasana, wata Bafillatana, da ɗan ƙulli da ta manta a cikin ƙwarya. Inna ta gauraya shi da yashi ta shuka, ta rufe da ciyawa. Huɗu suka tsiro, biyu suka kai ga fure. Shekara uku ta yi ba ta ɗanɗana ko ɗaya ba.

Bana irin ya cika ludayi, amma ciwon baya ya ci ƙarfin Inna. Ba ta iya jan guga. Ta raba irin ƙulli biyar, ta ce a nemo mata mutum biyar da za su riƙa bar masa iyaye. Hasana ta zo ta karɓi ɗaya. Ni ma na tsuguna ina jin kunya na ce, “Inna, ko za ki yarda da ni?”

Ta miƙo mini, ta ce, “Karɓi. Kai ka san yadda rashinsa yake.”

Inna Tasalla, mun gode. Mun ci naki shekaru ba mu tambayi yadda kike yi ba, ki yafe mana, ni ne a gaba. Allah ya saka miki da alheri, ya sassauta miki ciwon nan.

Ku kuma jama’ar Dangora, Yako da Kiru, duk mai rijiya a gida ya zo ya koya tun tana iya magana. Saura mako uku lokacin shuka ya wuce, kuma ƙulli uku na nan a ɗakinta, har yau ba wanda ya zo.