Matar da Ke Sayen Sarki Kan Fo

Ni dai ban yarda da matar nan ba. Duk Lahadi sai ta ɓullo kasuwar tsofaffin kaya ta bakin Paris, da baƙar safar hannu ko ana zafi. Takan wuce teburin cokulana kamar ba mutum a wurin, ta tsaya a rumfar maƙwabcina Anatole, mai sayar da tsofaffin hotunan talla na ratayawa a bango.

Hoto iri ɗaya take nema: wani sarki mai tumbi zaune kan fo, kambinsa a karkace, yana tallar maganin wankin ciki. Masu gidajen abinci rububinsa suke don ado.

Mai sayen tsohon kaya na gaske juya takarda yake, ya shinshina, ya kushe. Ita ko bayan takardar ba ta dubawa. Fuskar sarkin kawai take kallo, baki a tsuke.

"Madam, har yanzu bangon gidanki bai cika ba?" in ji Anatole.

"Naɗe min shi, fuskar ta ciki," take cewa. "Wa kuma ke da irinsa a kasuwar nan?"

Anatole ya ce mahaukaciya ce mai kuɗi, Allah ya ƙaro irinta. Ni kuwa ina zargin murhu take kai su.

Yau da ta juya za ta tafi, sai na gan ta ta gefe. Dogon hancin nan nata mai lanƙwasa, na sha ganinsa a hoton nan, a ƙarƙashin karkataccen kambi. Ashe jinin sarkin ce.