Geron Gwaggo da na tura ƙetare

A lokacin ni ƙaramin ma'aikaci ne a biron gidan gona na Tanut, wato ofishin noma, mai babur ɗin aiki da yawan ji da kai. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ta raine ni a wani ƙauye cikin karkarar Ollelewa. Tana da ƴar gayaunarta can nesa da gonakin mutane, inda take shuka wani gajeren gero mai gashi wanda ta gada wurin uwarta. Tsuntsu ba ya iya sauka a kansa, kuma ko ruwa ya ɗauke da wuri yakan nuna. Sai dai ba ya cika rumbu, shi ya sa kowa ya bar shi sai ita. Furarsa kuwa, wallahi har yau in na tuna ƙanshinta sai yawuna ya tsinke.

Sai ga wani furoje, wato shirin tallafi, ya zo. Ƙasarmu da wata ƙasa ta ƙetare sun haɗa kuɗin tallafi don masanansu su yi bincike tare a kan geron da ke jure fari. Aikina shi ne tattaro tsofaffin iri. Aka ce wanda ya kawo irin da ba a sani ba, da shi za a tafi horo can. Tun daga ranar ban ƙara tunanin komai ba sai jirgi.

Shekarar da ta gabata damina ba ta yi kyau ba, abin da ya rage wa Gwaggo ɗan ƙullin zangarniya ne rataye a ɗakinta, na shuka. Na yi ta zuba mata daɗin baki, na ce za a auna shi ne kawai, kuma ga irin zamani ta shuka bana. Na ciro kuɗi, ta harare ni, ta ce tun da take ba ta taɓa jin an sayar da iri ba, aronsa ake yi a mayar da kaka. Ta sauko da shi da hannunta ta ce, "Aro ne fa, ɗana. Ka maido mini kafin ruwan shuka na baɗi."

Ga inda na ci amana. Dokar tallafin ta ce kowane iri a raba shi biyu, rabi ya zauna a ƙasa, rabi ya fita. Da na sussuke shi na auna, sai na ga in na raba, rabin ba zai kai abin da ɗakin binciken can ƙetare yake karɓa ba, za a ajiye shi gefe, ni ma a ajiye ni. Na juye shi duka a leda guda, na rubuta a takarda cewa an bar rabi, na sa hannu. Babu wanda ya tilasta ni.

Ko fasfo ban kai ga karɓa ba dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami, tallafin ya tsaya, horon ya bi ruwa. Na rubuta wa masaniyar da muke aiki da ita can, mace mai kirki, ina roƙon a maido irin. Ta amsa cewa ita ma aikinta ya ƙare da furojen, irin yana ɗakin sanyi na cibiyarsu, kuma ba ya fita sai cibiyoyin biyu sun sa hannu. Ta ƙara da cewa kada in damu, ai takarda ta nuna muna da rabi. Kunya ta sa na yi shekara ban faɗi gaskiya ba, da na faɗa kuwa babu sauran wanda ke duba wasiƙun furojen.

Kowace bazara in na je gida, kafin in sauka daga babur Gwaggo ta tambaye ni ko geronta ya dawo. Ranar da na gaya mata komai ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai ta ce, "A sanyi suka sa shi? Kai ɗana, ba ya son sanyi." Daga nan duk shekara sai ta bar kusurwar gabas ta gayaunar ba shuka, wai kada ya dawo ya rasa wuri. Na zagaya Falanko da ƙauyukan Tanut ina cigiya, na samo masu gashi iri-iri na kawo mata, ta murza ta sansana ta ce ba shi ba ne. Bara Allah ya yi mata rasuwa.

Ban ce binciken haɗin gwiwa mugun abu ba ne, waɗanda suka sa dokar rabin nan sun fi ni hankali. Amma ƴan'uwana ma'aikata, tallafi yana da ranar ƙarewa, masana su watse, ku ne za ku koma ƙauye ku haɗa ido da mai iri. Kada ku sa hannu a kan abin da ba ku yi ba, kada kuma ku karɓi na ƙarshe a hannun tsohuwa. Ina kewar Gwaggo, ina kewar furarta. Bana ni na shuka gayaunar, da na iso kusurwar gabas sai hannuna ya ƙi, na bar ta yadda ta saba barinta.