Sistar da ta ƙi yarda da haƙurin kafinta

Da sassafe, kafin masu jinya su gama naɗe tabarmi a baranda, za ka ji takun Sista Tocila a ɗakin waɗanda suka bugu a kai. Marasa lafiya ne suka laƙaba mata sunan, saboda 'yar tocilar da take haska wa mutum a ido, yana so ko ba ya so. Gado-gado take bi da tambayoyinta: mene ne sunanka, ina ne nan, yau wace rana ce, matse mini hannu. Ka fara gyangyaɗi ke nan sai ga ta ta dawo da su, kamar ba ta taɓa jin amsar ba. Wani direba ya taɓa ce mata ko surukarsa ba ta titsiye shi haka.

Yawancinsu buguwar ba ta da yawa, a sa musu ido, washegari su tafi gida da filasta. Amma a cikinsu akan samu wanda jini ke taruwa a kansa a hankali, shi bai sani ba, danginsa ba su sani ba. Saboda wannan mutum ɗaya take damun kowa.

Har yau ma'aikatan ɗakin na ba da labarin wani kafinta da ya faɗo daga tsani. Da ƙafarsa ya shigo, yana faɗa. Likita ya duba shi, ya ce a ajiye shi a gani. Kafin azahar kafinta ya kushe gadon, ya kushe ƙofar, ya ce wanda ya haɗa durowar gefen gadonsa ya cancanci ɗauri. Matarsa ta bai wa Sista haƙuri, ta ce haka yake tun ranar da aka ɗaura musu aure.

Da la'asar sai mutumin ya yi laushi. Matar ta miƙa masa ruwa, ya sha, ya ce ya gode. Saura kaɗan kofin ya faɗi daga hannunta. Nan da nan ta hau haɗa kaya, tana murmushi har kunne ta je ta sami Sista.

"Sista, don Allah a sallame mu yanzu," in ji ta. "Tsanin nan ya yi abin da ni da iyayensa muka kasa. Gara mu tafi kafin ya tuna halinsa."

Sista ba ta yi dariya ba. Ta je ta yi masa tambayoyinta, ya amsa daidai, sai dai a hankali, idonsa na lumshewa. Sai ta kama durowar nan ta girgiza ta a gabansa, ta tambaye shi ya ya ga aikin. Ya ce ai wanda ya yi ta ya yi ƙoƙari.

"Yaya, ajiye jakar nan," ta ce wa matar. "Wannan haƙurin ba nasa ba ne, na ciwon ne."

Ta kira likita, aka garzaya da shi ɗaukar hoton kai, sai ga jini ya taru yana danne ƙwaƙwalwa. Kafin magariba yana ɗakin tiyata. Da an biye wa murnar matar, da a gida zai yi barcin da ba a tashi. Ita kuwa tana zaune a benci tana kuka, tana roƙon Allah ya dawo mata da shi da bakinsa da komai.

Da ya farfaɗo, ya daɗe yana kallon silin. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne wane maras tsoron Allah ne ya buga wannan katako a karkace. Matar ta rungume Sista, ta ce mijinta ya dawo.

A watan nan Sista ta ajiye aiki. Uwar marasa lafiya, ke ce kike sauraron dangi kamar yadda kike sauraron na'ura. Ke ce kika sha harara da tsaki daga mutanen da kike tsare wa rai, ba ki taɓa rage tambaya ɗaya don a so ki ba. Mun gode.

Ku da za ku gaje ta, ku tambayi 'yan uwa yadda mutum yake kafin ya faɗi. Mu kuma masu jinya, in namu ya bugu a kai halinsa ya sauya, ko da sauyin ya yi mana daɗi, mu faɗa wa ma'aikata da wuri.

Matar kafinta ta ce a gaya miki, Sista, har yau bai sake ce mata ya gode ba, kuma Allah ya saka miki da alheri.